Miyar miso da taliya ba nama ba kifi, za ta riƙe mutum a sanyin Japan kuwa?

Ummu Khalil (Sapporo):
Slm 'yan uwa barkanmu da warhaka. Dan Allah waɗanda suka daɗe a ƙasar nan ku koya min yadda ake miyar miso, tsimammen ƙullun waken soyan nan nasu, mai taliya amma wacce ba nama ba kifi a ciki. Sanyi ya sako mu gaba, ƙanƙara ta rufe ko'ina har motocin mutane sai an haƙo su da shebur, kuma duk shagon ramen, taliyarsu mai romo, da ka leƙa romon ƙashin alade ne ko kitsensa, naman halal kuwa sai an yi oda a daskare ga tsada. Maigida ya sayo robar miso tana nan cikin firij sai kallonta nake. Abu mai zafi nake so wanda yara za su sha da dare su ƙoshi, ƙaramin kuma kifi yana sa masa ƙaiƙayi shi ya sa na ce ba kifi.

Baban Sadiq (Manchester):
Wslm. Miya ba nama ba kifi cikin ƙanƙara? Hajiya ai wannan ruwan zafi ne aka yi wa kwalliya. Ki daure ki yi odar ƙafar saniya ki yi farfesu, shi ne maganin sanyi tun kaka da kakanni

Anti Bilki (Nagoya):
Baban Sadiq ka bari mana, tambaya ta yi ba shawarar farfesu ta nema ba hhh. Ummu Khalil ƙanwata kafin komai ɗauko robar nan ki juya bayanta. Abu biyu za ki duba. In an rubuta dashi-iri to an riga an haɗa ta da romon kifi, wannan ba ta ɗanki ba ce. Sannan ki duba jerin kayan haɗi ko akwai 酒精, shusei suke ce masa, barasa ce da ake ɗan zubawa don kar miso ɗin ta ci gaba da tsima robar ta kumbura. Wacce nake saye ita ce mai 無添加 a gaba, mutenka, in kin karanta bayanta waken soya ne da shinkafa da gishiri shi ke nan, sau da yawa ma za ki ga wani ɗan rami a murfin da iska take fita.

To batun miyar. Duk sirrin yana cikin romon da suke kira dashi, in shi bai yi ba ko roba guda ta miso kika juye salam za ki ji. Na marasa nama da kombu ake yi, wato busasshen ganyen teku mai faɗi baƙi-baƙi, kuma ke kam a gidansa kike don kusan duk kombun Japan daga Hokkaido yake fitowa. Sai busasshiyar laimar kwaɗi da suke kira shiitake. Lita ɗaya da rabi na ruwan sanyi, kombu giram 15, shiitake biyar ko shida, ki zuba a kwano ki rufe ki sa a firij ya kwana. Kar ki wanke kombun, farar hodar da ke jikinsa ba datti ba ce, ɗanɗano ne, ki dai goge shi sama-sama da tsumma mai danshi. Da safe za ki ga ruwan ya koma ruwan shayi-shayi. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, da zarar ƙananan kumfa sun fara tasowa daga gindin tukunya ki tsame kombun, in ya tafasa a ciki yauƙi yake yi da ɗan ɗaci. Shiitake kuma ki matse, ki cire jijiyar ki yayyanka ki mayar.

Ummu Khalil (Sapporo):
Anti na duba, akwai shusei ɗin nan a jiki 😭

Ustaz Kabiru (Tsukuba):
Wannan mas'ala ta daɗe tana yawo tsakanin Musulmin ƙasar nan. Akwai masu sauƙaƙawa, hujjarsu ita ce ɗan kaɗan ne, ba ya sa maye ko mutum ya ci da yawa, kuma ba don sha aka zuba ba. Akwai kuma masu ganin tunda da hannu aka zuba to a bar shi. Ni dai tunda mutenka tana nan a kowane babban kanti kuma kuɗinsu bai wani bambanta ba, ban ga dalilin shiga shubuha ba. Amma wanda ya fi wannan shi ne mirin, ruwan shinkafa mai zaƙi da barasa da suke girki da shi, don kusan duk girkin Japanawa da za ki gani a intanet sai an ce ki zuba. Na asalin, hon-mirin, barasarsa ta kai kusan kashi 14 cikin 100, a layin giya ma ake jera shi a kanti. Ki bar shi, ki sa ɗan sukari kaɗan. Kuma ki riƙa duba ledar ɗanyar taliya da kwalbar shoyu, baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken soya, su ma ana zuba musu shusei. Sauran bayani ki tambayi malaman masallacinku na nan Sapporo.

Ummu Khalil (Sapporo):
Jazakallahu khairan Ustaz. Zan bai wa maƙwabciyata wannan, gobe in sha Allah a sayo wata

Hajiya Mairo (Kano):
Ni fa tun ɗazu ina ta karatu ban gane ba. Waken soya ne aka dafa aka bari ya ruɓe aka sa gishiri ko? To ai daddawa ce. Mu nan daddawar waken soya har a Kasuwar Rimi akwai. 'Yata ki aiko a kawo miki daddawa mai kyau ki huta da karanta rubutun da ba kya ganewa

Malam Nura (Sendai):
Hajiya barka da dare, a yi min afuwa zan ɗan saɓa. Kamar ɗaya suke a ido amma ba hanya ɗaya suka biyo ba. Daddawa, ta kalwa ce ko ta waken soya, ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis take aikinta cikin 'yan kwanaki a lulluɓe cikin ɗumi, shi ya sa take da wannan wari mai hawa kai. 'Yar uwar daddawa ta haƙiƙa a Japan ita ce natto, wake mai yauƙi da suke ci da safe, ƙwaya ɗaya ce take yin su. Ita miso naman gwari ne ake shukawa a kan turararriyar shinkafa ko sha'ir, sunansa koji, a kimiyance Aspergillus oryzae. Sai a cuɗa shi da dafaffen wake da gishiri mai yawa a danne a rufe, wata ta yi makonni, wata watanni, wata shekaru. Koji yana narkar da sitacin shinkafa ya koma zaƙi, ya farfasa furotin ɗin wake ya koma ɗanɗano. Shi ya sa miso take da gishiri da zaƙi-zaƙi da ɗan tsami, daddawa kuwa ba ta da zaƙin nan ko kaɗan. Sun ɗauki abin da muhimmanci har a 2006 ƙungiyar masana harkar tsimi ta ƙasar ta ayyana koji a matsayin naman gwarin ƙasa.

Hajiya Mairo (Kano):
Naman gwarin ƙasa kuma? Ikon Allah. Mu muna kankare fumfuna daga burodi wasu suna ba ta sarauta

Baban Sadiq (Manchester):
Hajiya kin gama magana wlh 😂😂

Anti Bilki (Nagoya):
Ku bar ni in ƙarasa mata kar ta kwana da rabin girki. Kin samu romo ko? To a wata tukunyar ki zuba man riɗi cokali biyu, ki soya citta da tafarnuwa da farin gindin lawashi har ƙamshi ya tashi, kar su ƙone. Ki zuba masu tauri tukuna, karas, daikon wato farin radish ɗin nan mai tsawo, da kabewarsu kabocha da ɓawonta, ki ɗan jujjuya su sha mai sannan ki juye romon. Minti goma zuwa sha biyu a wuta matsakaiciya, in cokali mai yatsu ya shiga kabewar ba gardama sai ki zuba hakusai, kabejin nan mai dogon ganye da yake arha yanzu, da shiitaken da kika yanka. Awara kuma ki sayi wacce aka rubuta momen, ita ce mai tauri, kinu mai laushi ce tana farfashewa. Ki naɗe ta a tsumma ki ɗora faranti a kai ruwan ya tsane, ki yanka ki soya ta yi ja kafin ki jefa. Akwai kuma aburaage, siririyar soyayyar awara mai rami-rami, ki watsa mata ruwan zafi man ya fita ki yayyanka, tana tsotse romo sosai, yara suna sonta.

Taliya daban ake dafawa a tsane a zuba a kwanon kowa. Udon mai kauri na cikin firiza ya fi sauƙi, minti ɗaya biyu ya yi.

Sai babban abu, ki KASHE wuta kafin miso ta shiga. Ki ɗebi romo a ludayi, ki sa miso a ciki ki dama ta da cokali kamar yadda ake dama ƙullun koko har ba gudaji, sannan ki saki cikin tukunya. Su lissafinsu babban cokali ɗaya ga kofi ɗaya na mililita 200, amma ke ki fara da biyar ki ɗanɗana ki ƙara. In kika bari ta tafasa ƙamshin ya gudu, gishiri kawai zai rage miki.

Fati Zango (Kumasi):
Anti to wace kala? Na ga a shagon 'yan Chana a Accra akwai fari akwai ja har da wani kusan baƙi

Anti Bilki (Nagoya):
Farar ba ta daɗe ba, shinkafa ta yi yawa a ciki, tana da zaƙi kuma gishirinta kaɗan ne, irin ta mutanen Kyoto kenan. Ja ta fi daɗewa ta fi gishiri, garin su Malam Nura sun yi suna a kanta. Wacce ta fi yawa a kanti mai ruwan ƙasa-ƙasa ce ta Nagano, Shinshu, don kusan rabin miso ɗin ƙasar daga can ake yi. Baƙar kuma tamu ce ta nan yankin Aichi, Hatcho miso, a garin Okazaki ake yi, wake da gishiri zalla ba shinkafa. Na je na gani da idona, gangunan katako ne da sun fi mutum tsawo, a saman kowacce an jera duwatsun kogi da hannu sun yi tsini sama, wajen tan uku, a bar ta haka shekara biyu ko fiye. Ɗakin duhu, ƙamshi kuma har cikin mayafi. Ga mai farawa dai ki haɗa fara da ja rabi da rabi.

Malam Nura (Sendai):
Anti Bilki zan kama ki da bakinki. Kin ce kar a tafasa miso, amma ku a Nagoya abincin da kuke alfahari da shi miso nikomi udon ne, a tukunyar ƙasa ake kawo shi gaban mutum yana ɓararraka

Anti Bilki (Nagoya):
Hhh ɗan boko ba ka raina abin magana. Eh haka ne, amma da Hatcho ake yinsa, ita wuta ba ta kashe ta, ƙara mata ƙarfi ma take yi. Dokar kashe wuta ta mai shinkafa da mai sha'ir ce, kuma su ne a hannun yawancin mutane. Shi ma nikomi ɗin na shago da romon kifi da kaza da ƙwai yake zuwa, ba na Ummu Khalil ba ne

Baban Sadiq (Manchester):
Duk na ji. Amma ku gaya min gsky tsakaninku da Allah, mutum ya sha wannan ƙarfe bakwai na dare, ƙarfe goma ba zai tashi neman burodi ba? Su kansu mutanen Sapporo ɗin da suka ƙirƙiro ramen na miso ai kitse suke malalawa a sama har da bota da masara, sun san sanyinsu

Malam Nura (Sendai):
Nan kam kana da gaskiya ta wani ɓangaren. A Sapporo aka fara ramen na miso cikin shekarun 1950 a wani shago mai suna Aji no Sanpei, kuma kitsen da suke sawa a sama shi yake riƙe zafin romon har ka gama. Amma abin da ake nema mai ne da kauri, ba dole sai na dabba ba. Niƙaƙƙen riɗi cokali biyu, nerigoma suke ce masa, ka dama tare da miso, sannan kofi ɗaya na madarar waken soya marar sukari a ƙarshe, romon zai yi kauri ya yi fari ya kama cokali. Ita ma madarar ba a tafasa ta, tsinkewa take yi. Ga awara, giram 100 na momen yana da furotin wajen giram 7, ga kabewa ga taliya ga man riɗi. Wanda ya cinye kwano guda ya tashi neman burodi to dama can da yunwarsa ya zo duniya.

Kuma ba sabon abu ba ne a wajensu. Tun shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar taƙaita cin nama saboda addinin Buddha, aka yi ta sabunta irinta ƙarni bayan ƙarni, sai a 1872 aka sanar cewa Sarki Meiji ya ci naman sa. Kifi dai ba su bari ba, amma sufayensu ko shi ba sa ci, girkinsu ake kira shojin ryori, daga nan romon kombu da shiitake ya samu gindin zama. Akwai wata miyar saiwoyi da awara mai suna kenchinjiru da ake dangantawa da wurin bautar Kenchoji a Kamakura, ita ma soya kayan ake fara yi da man riɗi yadda Anti ta faɗa. Bambancin kawai su sufayen ba sa sa tafarnuwa da albasa.

Baban Sadiq (Manchester):
To Allah Ya ba su haƙuri. Ni dai zan gwada amma da dafaffen ƙwai biyu a gefe, kar a ce ban faɗa ba

Rakiya Damagaram (Lyon):
Ina wuninku. Ni ina yin ta nan tun da hunturu ya kama, miso ana samu a shagunan biyo, masu sayar da abincin da aka noma ba taki na zamani, da na 'yan Asiya, sai dai tsada. Abin da ban yarda da shi ba shi ne laimar kwaɗi, mu a gida an hore mu ba a taɓa ta, har yau in na gan ta cikin kwano raina bai kwanta ba. Da kombu kaɗai nake yi da karoti da shu, wato kabeji. Ya halatta ko na ɓata girki?

Malam Nura (Sendai):
Ba ki ɓata ba amma kin bar rabin riba a ƙasa. Horon da aka yi miki daidai ne, ta daji akwai mai kisa kuma ba kowa ke rarrabewa ba. Shiitake noma ta ake yi a jikin gungumen itace, lardin Oita ne kan gaba a busasshiyar. Dalilin haɗa su kuwa, kombu yana da glutamate, busasshiyar shiitake tana da wani sinadarin daban mai suna guanylate, in suka haɗu a harshe ɗanɗanon ninkuwa yake yi ba ƙaruwa kawai ba. Ɗanya ba ta yin wannan aikin sosai, sai wacce aka busar aka jiƙa a ruwan sanyi. In cin ta ne ba kya so ki jiƙa ki tace ruwan ki bai wa wani naman.

Af, Hajiya Mairo wannan zai miki daɗi. Farin magin da ke kicin ɗinki daga wannan romon ya samo asali. Wani farfesa a jami'ar Tokyo, Kikunae Ikeda, shi ya zauna a 1908 ya binciko me ke sa romon kombu daɗi, ya ciro glutamate, shekara ta zagayo 1909 aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto.

Hajiya Mairo (Kano):
Kai Malam Nura! Wato duk wannan jiƙe-jiƙen da kwana a firij farin magi ake nema? To ni na huta, naira kaɗan ne a shagon bakin layi

Anti Bilki (Nagoya):
Hajiya ba ƙarya kika yi ba, in ba kombu ɗan farin magi kaɗan zai toshe gurbin. Amma ƙamshin teku da ɗan santsin romon ba ya cikin leda, dole a ji bambanci

Dr. Zainab (Kaduna):
Slm. Ina bin zancen, girkin ya yi kyau amma bari in sa baki kan lafiya tunda na ji ana cewa abinci mai gina jiki. Babban cokali ɗaya na jar miso yana ɗauke da gishiri sama da giram 2, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce babba kar ya kai giram 5 a yini. Kwano ɗaya mai cokali ɗaya da rabi ko biyu, ga gishirin cikin udon, ga shoyu in an ƙara, kusan an cinye kason yini kenan. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda ya ci taliya da ganyen ya rage romon, kar kuma a ƙara magi ko gishiri a kai. Na yara a tsarma da ruwan romo.

Kombu yana da sinadarin aidin mai yawan gaske. Mu a arewa ƙarancinsa muka sani, shi ke kawo maƙoƙo, amma yawansa ma yana dagula maƙogwaron, don haka mai wannan larura ko mai juna biyu ta tambayi likitanta kafin ta mayar da shi na kullum. Ummu Khalil tunda ɗanki yana da alaji ki kula da soba, taliyar nan mai ruwan toka, tana cikin abubuwan da doka ta wajabta a rubuta a leda a Japan saboda tana tayar wa wasu da alaji mai tsanani. Sannan wanda ya bar nama da ƙwai da madara gaba ɗaya kar ya dogara da miso wajen bitamin B12, sai ya sha ƙwayar.

Ummu Khalil (Sapporo):
Na gode Dr. Mu ba barin nama muka yi ba, samunsa ne ke wuya, ƙwai da madara kam kullum ne. Udon zan yi amfani da shi

Hajiya Mairo (Kano):
To ni yanzu kun sa min kwaɗayi, sanyin bana ma ba sauƙi ga hazo. Malam Nura ba zan iya haɗa miso ɗin nan da kaina ba? Wake akwai shinkafa akwai gishiri akwai, in bar shinkafar ta yi fumfuna in zuba

Malam Nura (Sendai):
Hajiya dan girman Allah kar ki yi haka!! Koji iri ne tsaftatacce da ake sayarwa a leda, ba duk fumfunar da ta sauka a kan shinkafa ba ce. Yana da ɗan uwa na kusa sosai mai suna Aspergillus flavus, shi ne mai kama gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba, yana fitar da gubar aflatoxin mai lalata hanta, kuma a ido ba za ki bambanta su ba. In da gaske kike so sai a kawo miki busasshen koji na shinkafa, ki haɗa ki danne ki jira wata shida ko fiye. Mafi sauƙi dai a riƙo miki roba ɗaya, ko ki sa a duba manyan kantunan Abuja da Legas masu kayan 'yan Asiya. In an ga doenjang na Koriya shi ma zai yi, ya ma fi kusa da hancinmu don yana da ɗan warin daddawa.

Hajiya Mairo (Kano):
Wata shida kan miya ɗaya? A'a. Ga yadda zan yi, kowa ya ji. Daddawar waken soya kaɗan in daka, niƙaƙƙen riɗi, madarar waken soya ina da ita don ina yin awara, kabewa, karas, kabeji, alayyahu, citta da tafarnuwa, in murza taliya 'yar murji da faɗi. Wanda ya ce ba miso ba ce ya zo Kano ya kama ni

Anti Bilki (Nagoya):
Ba miso ba ce Hajiya amma za ta yi daɗi, kuma ita daddawa ki sa ta da wuri ta dahu, akasin miso. Abin dariya kin kusa yin abincin da suke kira hoto ba ki sani ba, abincin sanyi na mutanen Yamanashi can gindin dutsen Fuji. Taliya ce mai faɗi da ake murzawa ba gishiri, a jefa ta ɗanya da garinta cikin romon ta dahu tare da kabewa, kabewar ta narke garin ya kaurara romon. Ita kaɗai ce nake yarda a dafa taliya cikin miyar. In za ki yi haka ki ƙara ruwa don tana sha sosai

Fati Zango (Kumasi):
Mu nan riɗi niƙaƙƙe ba ko'ina ba, gyaɗar miya kuwa kowane lungu. Zan iya sawa? Kuma taliyar leda ta yara fa, in na yar da maginta?

Rakiya Damagaram (Lyon):
Fati ina sa gyaɗar in riɗi ya ƙare, cokali ɗaya dai, in ta yi yawa ta danne miso ɗin kin koma miyar gyaɗa. Ni har daddawar batso na taɓa ɗan barbaɗawa, ta 'ya'yan yakuwa da ake aiko min daga gida, ita kam ba su jitu ba sam, kowa na jan nasa

Malam Nura (Sendai):
Taliyar leda za ta yi, sai dai soyayya ce, ki dafa ta daban ki zubar da ruwan. Akwai wata dabara kuma, abin da ke sa taliyar ramen ta yi ruwan ɗorawa da danƙo wani ruwan kanwa ne da ake kwaɓa ta da shi, kansui. In kin dafa sifageti siriri a lita ɗaya na ruwa da babban cokali ɗaya na bakin soda za ki ga ya canza kala ya yi danƙo. Tukunya babba don kumfa yake yi ya zubo, sannan ki ɗauraye shi kafin ki sa a kwano in ba haka ba za ki ji ɗaci-ɗaci

Baban Sadiq (Manchester):
Wai duk cikinku ba wanda zai yi maganar yaji? Miya ba nama na haƙura, ba yaji kuma ai zalunci ne

Anti Bilki (Nagoya):
Su a tebur suke barbaɗa shichimi, garin barkono mai haɗi bakwai da riɗi da ɓawon lemo, ko su ɗiga rayu, man barkono. Ni yajin tafarnuwa na gida nake sawa a kwanona. Attaruhu ɗanye a cikin tukunya ne ban ba da shawara ba, yana rufe komai, kuma ga yara

Ummu Khalil (Sapporo):
Anti tambaya ta ƙarshe, in na yi da yawa zan iya ajiyewa zuwa gobe? Kuma kombun da na tsame zubarwa zan yi? Na ga kuɗinsa a kanti ba wasa ba

Anti Bilki (Nagoya):
Ki ajiye romo da ganyen ba miso ba taliya, kwana biyu uku a firij lafiya lau, duk wanda zai ci a ɗumama nasa a dama masa miso a lokacin. Dashi zalla kuma ki zuba a robar ƙanƙara ki daskarar. Ita miso ki shafe samanta ki manna leda a kai kafin ki rufe don iska ce ke sa ta baƙi, ko ki sa ta a firiza gaba ɗaya, ba ta daskarewa saboda gishiri, da cokali za ki riƙa ɗiba. Kombu kar ki zubar, ki tara na girki biyu uku a firiza, ki yanka sirara ki dafa da shoyu da sukari da ɗan ruwan khal a wuta kaɗan har ruwan ya ƙafe ya yi sheƙi, ki barbaɗa riɗi, tsukudani kenan, da farar shinkafa ake ci. Shoyun dai ki duba bayan kwalbar kamar yadda Ustaz ya ce